Sabon Ido a Arkawit

Wata biyu da cire wa Baba yanar ido
ya ce in kai shi inda zai gwada ganinsa.
Ba kasuwa ba, ba bakin titi ba,
sama yake so, inda teku zai ƙanƙance.
Muka bar Bur Sudan kafin kiran assalatu,
gumi na bin wuya tun rana ba ta fito ba.

A Arkawit sanyi ya tare mu a bakin mota
kamar mai bin bashin da ya daɗe yana jira.
Onur, yaron da zai ja mu, ya ɗaga yatsa uku:
matsaya uku ce, tafiyar ba ta kai shan shayi biyu ba.
Baba ya ce da gwiwarsa,
"Kin ji dai, kada ki kunyata ni."

Hanyar siririya ce, ta awaki.
Ƙerana ta miƙa hannuwa sama, jere-jere,
kamar masu addu'ar da aka manta a shafa.
Gansakuka ta yi wa rassa gemu,
raɓa na ɗiga a kan gyalena
alhali ba a yi ruwa ba.

Matsayar farko, gajimare ya riga mu zuwa,
ya zauna a kan kwarin, ya ƙi gusawa.
Baba ya yi dariya har da tari:
"Yanar da likita ya cire mini
ashe nan ya kawo ta ya shanya."

Tsakanin ta farko da ta biyu ya ja birki.
Ba gajiya ba ce. Itace ya gani.
Ya shafa ɓawon, ya murza ganye, ya shinshina,
ya tsinci ɗa guda a ƙasa ya sa a baki.
"Kanya," in ji shi, a hankali,
kamar wanda ya kira sunan mamaci.
Innarsa ce ke ba shi labarinta,
wadda ta taso daga Haɗeja da ƙafa
da niyyar ƙetare ruwa zuwa Makka,
guzuri ya ƙare a Sawakin, ciki ya tsufa,
ta haife shi, ta zauna sayar da ƙosai.
Shekara saba'in da huɗu yana jin sunan itacen
bai taɓa sa shi a harshe ba.

Matsaya ta biyu ban tuna komai ba
sai hankaka biyu da igiyar takalmina da ta tsinke.

Ta uku dutse ne tsirara, iska na mari.
Ƙasa ta faɗi daga gabanmu, ta yi nisa,
kwari bayan kwari, sai fili fari fat,
sai wani shuɗi-shuɗi da ban san na wane ne ba,
na sama ko na ruwa.
Baba ya saki hannuna.
"Ga shi can! Kamar zare a bakin zane.
Shekara arba'in ina sauke buhu a gefensa,
ina jin tsoronsa kamar uban gida,
ashe bai fi a ɗinke shi da allura ba.
Wannan ne ya tare Inna?"

Na ƙura ido har ya kawo ruwa.
Ni da ban taɓa ciwon ido ba,
ban ga komai ba.
Na ce, "Na gani, Baba."

A gangarowa Onur ya dafa mana jabana,
citta ta yi yawa, Baba ya sha uku.
Na tambayi yaron a ɓoye
ko da gaske ana hango ruwan daga can.
Ya ɗaga kafaɗa: "Wata rana. Ga wasu."

Cikin mota Baba ya yi barci, baki buɗe,
hannunsa dunƙule a kan cinya.
Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya:
ƙwallon kanya huɗu, da ɗanshin yawu.